Ɗan Baduku a Agege

Ni ɗan baduku ne, kuma jikan baduku. Da wannan nake so in fara, domin na yi shekara tara a Ikko ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa haka ba. In aka tambaye ni sana'ar gidanmu, sai in ce kasuwanci, in kawar da zancen.

A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan da tun daga ƙofar zaure ƙanshin jar fata ke tarbar baƙo. Baba yakan zauna a kan buzu ya miƙe ƙafa ɗaya, allon yanka a gabansa, aska da almakashi da basilla a hannun dama. Alabe da gafaka da kube da tumtum su ne ya fi ɗinkawa, sai rufin laya wanda ba ya yankewa duk shekara. In Sallah ta gabato kuwa, kayan doki ne ke cika zauren, masu hawa suna ta sintiri suna tambayar ko an gama. Aikina tun ina ɗan shekara takwas shi ne zuwa majema wajen Ƙofar Wambai in karɓo fata. A can na ga yadda ake jiƙa ɗanyar fata, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da kartaji, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ta kwana tana sha. Bagaruwar nan ita ce ke mai da fata abin da ba ya ruɓewa. Daga nan a shanya, a shafa mata mai, a yi ta murza har ta yi laushi kamar ƙyalle. Ja kuma daga karan dafi ake samunsa, baƙi daga kashin maƙera, rawaya daga gangamau. Ban san ilimi nake kwasa ba a lokacin, ni dai aike aka aike ni.

Baba yana da wani labari da ba ya gajiya da maimaitawa. Yakan ce tun zamanin da Kasuwar Kurmi ta kafu a mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, fatake ke ɗaukar fatar jar akuyar Sakkwato da ta Kano a bayan raƙuma, su ratsa Sahara ta Agadas da Gadamas har bakin teku. Turawa suka riƙa sayenta a hannun Larabawan arewacin Afirka, suna rufe manyan littattafai da ita, suna kiranta fatar Maroko. Akuyarmu, bagaruwarmu, guminmu, amma sunan wani. In ya kai nan sai ya yi shiru ya ci gaba da ɗinki. Ina yaro na ɗauka hirar tsofaffi ce kawai.

Abin da ya raba ni da zauren kunya ce, ba wani abu ba. A makaranta akwai yaran da in na zauna kusa da su sai su toshe hanci su ce warin jima. Da yayana ya nemi aure a wani gida, aka yi ta ja masa rai, daga baya muka ji cewa asalin sana'ar gidanmu ce ba ta yi musu ba. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba, na majema da dukawa da mahauta, ba lallai ya san zafin wannan ba. Mutum zai sayi gafaka a hannunka ya sa Alƙur'ani a ciki, ya rataya layar da ka ɗinke a wuyan ɗansa, amma ya ga bai kamata jininsa ya haɗu da naka ba. Har gobe ina ganin wannan zalunci ne da al'ummarmu ya kamata ta tuba daga gare shi. Amma a lokacin ban yi fushi da masu yi ba, da basillar Baba na yi fushi.

A 2011 na hau motar shanu na taho Ikko. Na sauka wajen Kawu, ƙanen mahaifiyata, a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta tun zamanin cinikin goro da jirgin ƙasa. Ranar da zan taho Baba ya naɗe basilla biyu da aska ɗaya da ɗan dutsen wasa wuƙa a tsumma ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe, ba su da nauyi." Na karɓa don kada in saɓa masa, na jefa a ƙasan jaka. Na yi dako, na tura baro, daga baya na samu babur na shiga acaɓa. Ikeja ce wajen nemana, tsakanin kasuwar kwamfuta da Allen da Oba Akran. Alhamdulillahi na ci abinci da babur, da shi na yi aure a 2015, na auri 'yar Agege haifaffiyar nan, wadda Yarabanci ke fita bakinta kamar Hausa.

Ranar 1 ga Fabrairun 2020 dokar taƙaita acaɓa ta fara aiki a wasu ƙananan hukumomin Legas, kuma Ikeja na ciki. Muka koma cikin lungunan Agege muna rububin fasinja, babura sun fi masu hawa yawa. Ba a yi wata biyu ba aka rufe gari saboda korona, daga daren 30 ga Maris. Ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga kuɗin haya na tafe. Mutumin da ya saba fita da asuba ya dawo bayan isha'i, yau ga shi zaune a ɗaki ɗaya yana kallon bango.

A cikin zaman nan ne takalmin babbar 'yata ya tsinke. Ba inda za a kai gyara. Na tuna da ƙunshin Baba, na zazzage tsohuwar jakar na same shi, askar ta yi tsatsa amma basillar lafiya lau. Na wasa askar, na yanko fata daga wata tsohuwar jakar hannu ta maiɗakina, na zauna. Wallahi hannuna bai tambaye ni komai ba. Yadda ake huda, yadda ake jan zare biyu su haɗu a rami ɗaya, yadda ake ɓoye ƙulli, duk suka dawo kamar jiya na bari. Da na gama na ɗago kai, sai na ga maiɗakina ta bar tankaɗe tana kallona.

Ta ce, "Malam, a ina ka koyi wannan?"

Shekara biyar muna tare, ta san iyayena, ta je Kano sau biyu, amma ta ɗauka Baba saye yake yi yana sayarwa, domin haka na nuna mata. Ranar na faɗa mata gaskiya duka, har da zancen toshe hanci. Ba ta ce komai a kan ɓoyon ba. Ta tashi ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ga duwatsu kala-kala. Ita ma ashe tana da nata gadon. Kakarta ce ta koya mata shirya jigida da dutsen wuya, wata maƙwabciyarsu Bayarabiya kuma ta koya mata ɗinka ƙananan duwatsu a kan ƙyalle, irin aikin da Yarabawa suka shahara da shi a rawunan sarakunansu. Ta ɗauki ɗayan takalmin ta jera masa duwatsu ja da fari a kan maɗauri. Da aka sassauta kulle a watan Mayu yarinyar ta fita da shi, kafin magariba mata uku sun aiko tambayar inda aka saya.

Na sayar da babur. Ba ƙaramin abu ba ne, domin shi kaɗai ne dukiyata, kuma abokaina 'yan acaɓa sun ce na yi wauta. Kawu ne kaɗai ya ce, "Ɗana, je ka gwada, abin da ka gada ba zai ƙi ka ba." Na kira Baba na ce ya sa a turo mini jar fatar akuya guda ashirin. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ya ce, "Ta me za ka yi?" Na ce ɗinki. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Bai ƙara ko kalma ba, amma ƙanwata ta gaya mini cewa shi da kansa ya tafi majema ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowace ga hasken rana don neman huda da tabon kaska.

Fatar ta iso ta hannun wani direban motar kayan gwari da ke sauke kaya a Mile 12. Sauran kayan haɗi, zif da maɓalli da gam da zare da tafin takalmi, a kasuwar fata ta Mushin na samo su. Duwatsu kuma maiɗakina ke shiga Balogun da Idumota ta sayo. Muka fara da takalman mata da na yara, muka ƙara da alabe, sannan jakar hannu. Ni in yanka in ɗinka, ita ta yi zane da duwatsu.

Abin da ban sani ba shi ne iya sana'a daban, iya kasuwanci daban. Na farko na gada, na biyun kuwa sai da na sha wuya na koye shi.

Akwai kasuwar kayan gargajiya a Lekki, wajen Jakande, inda baƙi 'yan ƙasashen waje da masu kuɗin Legas ke zuwa sayen sassaƙa da zane da kayan fata, kuma 'yan Arewa da yawa ke da rumfuna a ciki. Na riƙa kai wa wani Alhaji jakunkuna a can. Lokacin an rufe rabin gadar Third Mainland ana gyara, daga Agege zuwa Lekki sai ya cinye mini rabin yini. Ina ba shi jaka a kan naira 4,000, in dawo ina murna. Wata rana ina zaune a rumfarsa ina jiran kuɗina, wata mata ta ɗauki jakata, aka yi ciniki a gabana, ta biya 15,000 ba ta ko ɓata rai ba. Na dawo gida zuciyata na tafasa, ina cewa an cuce ni.

Maiɗakina ta ce, "Malam, shi ya sa maka farashi ko kai ka sa?" Na ce ni. Ta ɗauko littafin makarantar yarinya da biro. Fata nawa ta shiga jakar, zif nawa, shafi na ciki nawa, duwatsu nawa, kuɗin mota nawa? Muka tara, ya kama 2,800. Ta ce kwana nawa muke yi a kan jaka ɗaya? Na ce uku. Ta ce to, mu biyu, kwana uku, naira 1,200. Ko dako ya fi wannan. Alhajin bai cuce ni ba, shi yana biyan hayar rumfa, yana zaman jiran mai saye wata da watanni, ya kuma san darajar abin da ke hannunsa. Ni ne ban ɗauki lokacina a bakin komai ba. Kuma na gane daga baya cewa wannan ciwon duk masu aikin hannu na Arewa ne. Muna lissafa abin da muka saya da kuɗi, ba ma lissafa idonmu da bayanmu da shekarun da muka yi muna koyo. Baba ya yi shekara fiye da hamsin yana ɗinki, bai taɓa sa wa yininsa kuɗi ba, abin da mai saye ya taya in bai yi muni ba sai ya ce albarka ta fi yawa. Albarka gaskiya ce, amma ba ta hana lissafi.

Tun daga ranar littafin nan ya zama na uku a cikinmu. Kowane kaya sai an rubuta kayan haɗinsa, da ladan aikina, da ladan aikinta daban, da wani abu da za a ajiye don sayen fata ta gaba. Na koma wa Alhaji da sabon farashi ina fargabar zai kore ni. Ya duba jakar, ya duba ni, ya ce, "Yanzu ka fara zama ɗan kasuwa," ya rage kaɗan ya biya. Har yau muna hulɗa.

Jarrabawa mafi girma ta zo a daminar 2021. Wata mata za ta aurar da 'yarta, ta ba mu aikin ƙananan alabe 80 da za a raba wa baƙi, kowanne da dagi na duwatsu a gaba. Shi ne aiki mafi girma da muka taɓa samu. Muka yi ta yi dare da rana, muka gama saura mako biyu biki. Don kada ƙura ta taɓa su, na sa kowanne a leda na ɗaure baki, na jera a kwali. Ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin na Yuni da Yuli a Legas wanda bango kansa ke yin gumi. Saura kwana huɗu na buɗe kwalin. Fumfuna fara da kore ta rufe fiye da rabi, ta shiga har tsakanin duwatsu, ga wani wari mai tsami. Maiɗakina ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na fita waje na tsaya cikin ruwan ban san ina tsaye ba.

Na kira Baba. Ya ce, "Kai, a leda ka sa fata? Fata numfashi take yi. Ko a nan Kano ba a ɗaure mata baki da damina, balle garin da ruwa ya kewaye." Ya ce in fitar da su duka, in goge, in ba su iska, kada in kai su kusa da wuta don za su ƙandare. Muka goge da ruwan khal da aka sirka, muka shanya a gaban fanka. Wasu suka dawo, 31 kuwa tabo ya riga ya kama su. Na je wajen matar da kaina na nuna mata, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya. Na mayar mata da kuɗin waɗanda suka lalace, ribar aikin duka ta tafi har da wani abu daga uwar kuɗi. Bayan wata biyar ita ce ta turo mana ƙawarta.

Wannan asarar ce ta koya mini cewa jimar Kano an yi ta ne don iskar Kano, busasshiya. Fatar da aka jeme da bagaruwa aka shayar da mai tana tsotsar danshi kamar yadda ƙasa ke tsotsar ruwa. A Legas dole a sake mata tarbiyya. Yanzu in fata ta iso sai ta yi kwanaki a rataye tana shan iska kafin aska ta taɓa ta. Na roƙi majeminmu ya rage mai. Bayan ɗinki muna shafa kakin zuma kaɗan mu goge har ya yi sheƙi. Kaya ba ya shiga leda sai jakar ƙyalle, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Jan karan dafi ma ya taɓa zuba a farin leshin wata mata da ta rataya jakarmu cikin gumi, don haka yanzu sai na ɗauraye fatar, ta bushe, na murza farin ƙyalle mai ɗan danshi a kanta. In ya ɗauko ja, ba za a yanka ta ba tukuna. Duwatsu ma haka. Akwai masu arha da fenti ne kawai aka shafa musu a baya, wata uku sun koɗe. Maiɗakina takan jiƙa kaɗan ta murza a tafin hannu kafin ta saya, kuma ta koma sayen na gilashi waɗanda launinsu ke cikin jikinsu. Manyan duwatsun da muke sa wa a bakin jaka kuwa na Bida ne, na Nupawan unguwar Masaga da ke narka kwalba su mulmula su da hannu. Ba biyun da suke daidai da juna, kuma wannan ne kyansu.

Mun ɗan yi saɓani da Baba a kan keken ɗinki. Shi a wurinsa duk abin da keke ya taɓa ya fita daga dukanci. Na ce masa Baba, shafi na ciki da zif in na ce da hannu zan yi, jaka ɗaya sai ta ci mako, ba mai iya saye. Muka tsaya a kan cewa ciki na keke ne, waje na hannu. Kuma yana da hujja, domin ɗinkin allura biyu in zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe da fatar, na keke kuwa in ya tsinke sai ya yi ta warwarewa.

Sannu a hankali muka daina dogara da rumfar wani kaɗai. Ƙanen maiɗakina ya koya mana ɗaukar hoto a hasken safiya a kan farin zani, muka fara sawa a WhatsApp, daga baya Instagram. Muka yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, muka buɗe asusun banki da sunan, wanda ya cece mu a farkon 2023 lokacin da takardar naira ta yi wuyar samu, ciniki ya koma ta waya. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin kawo fata daga Kano ya tashi, zif da duwatsu da ake shigowa da su daga waje suka bi dala. Fatar kanta ba ta da sauƙi, domin masu kyau manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke kwashewa su fitar zuwa Italiya da Sifaniya, fatar shanu kuma ganda ke cinye mafi yawanta. Ba zan ce mun yi arziki ba. Amma mun bar ɗaki ɗaya mun koma ciki da falo, muna da ɗan shago, yara na makaranta. Ina da almajirai biyu, dukansu tsofaffin 'yan acaɓa ne da suka rasa abin yi bayan an tsananta dokar a Yunin 2022. Maiɗakina na da mata uku a unguwa da ke aikin duwatsu a cikin gidajensu, kuma ƙa'idarta ita ce ranar da aka kawo aiki ranar ake biya, ko da mu ba a biya mu ba tukuna.

Akwai abu ɗaya da ya faru wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Na taɓa zuwa baje kolin kayan fata na Legas, wanda ake yi tun 2017, a matsayin ɗan kallo da jakata a kafaɗa. Wata mai babban kanti a ɓangaren tsibiri na Legas ta tsayar da ni ta duba jakar ciki da waje, ta karɓi lambata. Bayan mako guda ta kira ni ta ce tana son guda 40 duk wata, farashi mai kyau, kuɗin rabi a gaba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada mu sa wata alama tamu, ita za ta manna sunan kantinta, kuma ba ta so a ambaci inda aka yi. Ta ce masu sayenta in suka ji a Agege aka ɗinka za su raina. Ba da mugunta ta faɗa ba, ta san kasuwarta ne.

Na kwana uku ban yi barci sosai ba. Kuɗin zai biya mana hayar shekara cikin wata biyu. Yin aiki wani ya sa sunansa ba haramun ba ne, mutane da yawa na yi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ji muryar Baba yana cewa akuyarmu, bagaruwarmu, guminmu, sunan wani. Sai kuma in tuna ni kaina na yi shekara tara ina yi wa gidanmu abin da matar nan ke nema in yi wa jakata. Na koma na ce mata, Madam, ki sa sunan kantinki a waje yadda kike so, amma a ciki, a kan ɗan guntun fata, za a rubuta inda aka jeme da inda aka ɗinka. Ta ce a'a. Muka rabu lafiya. Maiɗakina ba ta ji daɗi ba a ranar, ta ce hayar gida ba ta san fatar Maroko ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Watannin da suka biyo baya sun yi mana tsauri.

Na je wajen wani mai yin hatimi na sa ya yi mini ɗan ƙarfe. Tun daga lokacin duk abin da ya fita daga hannunmu, ko da ɗan maƙalin makulli ne, akwai tambari a cikinsa: jimar Kano, ɗinkin Agege. Masu saye kan tambaya ko kayan Kenya ne saboda duwatsun, ko na Maroko saboda jan. Sai in buɗe in nuna musu, in ba su labarin bagaruwa da karan dafi. Na lura wanda ya ji labarin ba ya yawan ja a kan farashi.

Sallar layyar da ta wuce na je gida. Idon Baba ya yi rauni, ya daina ɗinki, amma yana nan zaune a zaure kan buzunsa. Na miƙa masa alabe ɗaya, ja, da dagin duwatsu fari da shuɗi na aikin surukarsa. Ya shinshina shi tukuna. Ya bi ɗinkin da babban yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya a wuri ɗaya ya ce nan ka yi gaggawa, kuma gaskiya ne, wurin da dare na gama shi. Sannan yatsansa ya faɗa kan tambarin a ciki. Ya ce, "Mene ne wannan?" Na karanta masa. Ya sa na sake karantawa. Ya juye kuɗin goronsa daga tsohon alabensa zuwa sabon, ya sa a aljihu, ya ce in na koma in ɗinko wa amininsa majemi irinsa, kuma in duba littafin nan namu in faɗa masa kuɗin, domin shi zai biya.